Kafin ku biya kuɗin tsohuwar Luger, ku duba lambobi biyu na ƙarshe

Jama'a, in an kawo muku ƙaramar bindigar hannu Luger P08 ta sojan Jamus, ku fara tabbatar babu harsashi a ciki. Sai ku karanta lambar da ke gaban jikinta, ku riƙe lambobi biyu na ƙarshe.

In 4827 ce, ku nemi 27 a kan ƙananan sassa: farantin gefe, kunama, maɓallin tsaro, da ƙarfen saman nan mai lanƙwashewa kamar gwiwa.

Da hannu aka daidaita kowane sashe da bindigarsa a masana'anta, shi ya sa aka buga masa lamba. Sashe ɗaya ya saɓa, an canza shi ke nan, kuma daraja ta faɗi sosai.

Ku haska tocila daga gefe, ku sa gilashin ƙara girma. Inda aka goge tsohuwar lamba aka buga sabuwa, za ku ga wurin ya ɗan lotsa, gefunan da ya kamata su yi kaifi sun dakushe, siffar lambobin ma ta bambanta da ta sauran.

Ku leƙa gindin gidan harsashi. Na zamanin yaƙin 1914 zuwa 1918 katako ne, na alminiyom daga baya ya zo. Wanda lambarsa ta dace da ta bindigar yana da wuyar samu, don haka jabunsa ya yi yawa.

Dabarar ba a kan kowace Luger take aiki ba. Waɗanda aka ƙera don kasuwa, a ɓoyayyun wurare ake buga musu lamba. Waɗanda Rasha ta ƙwace a yaƙi kuwa, an hargitsa sassansu, an sake zana lamba da alƙalamin lantarki.