Yadda Ake Karanta Tattalin Arzikin Mulkin Mallaka Daga Taswirar Layin Dogo

Ɗalibin tarihi ko malamin da ke son ya gane abin da mulkin mallaka ya yi wa arzikin wata ƙasa, ko a Afirka take ko a Asiya ko a Kudancin Amurka, yana da hanya mai sauƙi da zai fara da ita kafin ya shiga manyan littattafai: taswirar layin dogo. Rahoton gwamna yana iya ƙawata zance, amma ƙarfen da aka shimfiɗa da kuɗi masu yawa yana nuna inda zuciyar mai shimfiɗa shi take.

Kayan aikin ba su da yawa. Ka samo taswirar ƙasar ta wajen shekarar samun 'yanci, da takarda mai shara-shara da za ka ɗora a kanta, da alƙaluma masu launi uku. Ka zana layin dogon da launi na farko, a bakin kowace babbar tasha kuma ka rubuta shekarar da layi ya iso ta. Wannan shekarar ita ce ƙashin bayan aikin, kada ka tsallake ta. A Najeriya za ka rubuta Kano 1911, Jos 1914, Enugu 1916, Ƙaura Namoda 1929, Nguru 1930.

Da launi na biyu ka sa alamar abin da ake haƙowa ko nomawa a ƙarshen kowane reshe, sannan ka bi layin da yatsa har inda ya tsaya. Kuzar Jos, kwal ɗin Enugu da ke gangarawa Fatakwal, gyaɗar Kano da Nguru, audugar Funtuwa da Gusau, duk bakin teku suka nufa. A Ghana layin ya taso daga Sekondi ya isa ma'adinan zinariya na Tarkwa a 1901, ya kai Kumasi a 1903. A Gabashin Afirka ya taso daga Mombasa a 1896 ya isa bakin Tafkin Victoria a 1901. Yanzu ka ƙirga layuka nawa ne suka haɗa kasuwar cikin gida da wata kasuwar cikin gida ba tare da sun bi ta teku ba. A yawancin ƙasashen Afirka ta Yamma da wuya ka cika yatsun hannu ɗaya.

Sai ka duba faɗin layin, wato tazarar da ke tsakanin ƙarafan biyu. Ingila ta shimfiɗa milimita 1,067 a Najeriya da Ghana, Faransa kuma ta shimfiɗa milimita 1,000 a layin Dakar zuwa Bamako da na Abidjan da na Kwatano. Taragon wannan ba zai hau layin wancan ba, ko da an kawo su kan iyaka ɗaya. Hatta a cikin Najeriya, ƙaramin layin da ya haɗa Zariya da Jos milimita 762 ne, dole a sauke kaya a sake lodi a Zariya, har aka rufe shi a 1957.

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure, don haka ka dakata. Ganin layi ya isa wuri, ga kuma amfanin gona yana fita daga wurin, bai tabbatar da cewa abin da Turawa suka tsara ke nan ba. Kano ce babbar shaida. Da aka ja layi zuwa Kano, auduga ce a ran Turawa, domin masaƙun Lancashire da ke Ingila na buƙatarta. Amma masaƙa da marinan Kano sun daɗe suna sayen audugar gida da farashin da kamfanonin Turawa ba sa iya kaiwa. Manomi ya yi lissafinsa: gyaɗa tana yi a jigawa, ana ci idan kasuwa ta faɗi, harawarta abincin dabbobi ce. Fataken goro da suka san hanyar ba da bashi da sayen kaya a ƙauyuka, irin su Alhassan Ɗantata, suka shiga tsakani, cikin shekara biyu da isowar jirgi gyaɗa ta cika tashar Kano. Saboda haka a kowane reshe ka yi tambaya biyu dabam: me aka gina shi ya ɗauka, me ya ɗauka a zahiri? Wanda ya haɗa su wuri ɗaya ya shafe manomi da ɗan kasuwa daga tarihinsu.

Launi na uku na hanyoyin da suka riga layin dogo ne. Ka zana hanyar ayarin raƙuma daga Kano zuwa Tarabulus ta Agadas da Gat, da hanyar goro zuwa Gwanja, da ta kanwa daga Borno. Za ka ga yadda fuskar ciniki ta juya daga arewa zuwa kudu. Nijar ba ta samu layin dogo ba a zamanin Faransa, na Kwatano a Parakou ya tsaya, shi ya sa gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta daɗe tana fita ta Kano.

Idan ka zo neman alƙaluman lissafi, a rahotannin shekara-shekara na gwamnatin mallaka ko a takardun lardi da ke Gidan Adana Tarihi na Ƙasa a Kaduna, ka kula da abu uku. Tan ɗin Ingilishi kilo 1,016 ne, na Faransa kilo 1,000, kada ka tara su kai tsaye. Kuɗi kuma a wancan zamani fam ɗaya sule 20 ne, sule ɗaya kwabo 12, mai lissafi da goma-goma zai ɓata jimla. Na uku ya fi su muhimmanci: alƙaluman fitar da kaya abin da ya bi ta tashar jiragen ruwa kawai suke ƙirgawa. Shanu da gero da tufafi da goro da ke yawo tsakanin kasuwanni ba su cika bayyana ba, alhali su ne rayuwar yawancin mutane. Ka haɗa da takardun haraji da jangali, domin tilasta biyan haraji da kuɗin Turawa maimakon wuri yana daga cikin abin da ya tura manomi noman sayarwa. Ka kuma riƙe tsofaffin sunaye: Léopoldville ita ce Kinshasa, Fort-Lamy ita ce Njamena.

Kafin ka yanke hukunci, ka maimaita aikin a wata nahiya. A Indiya jirgin fasinja na farko ya tashi daga Bombay zuwa Thane a 1853, kuma an lamunce wa kamfanonin Ingila ribar kashi 5 cikin 100 daga kuɗin shigar Indiya, don haka a can ka binciki wanda ya biya. Ajantina ƙasa ce mai cin gashin kanta a lokacin, duk da haka layukanta, waɗanda akasari mallakar kamfanonin Ingila ne har 1948, sun taru a Buenos Aires kamar yatsu a tafin hannu, suna kwasar alkama da nama. Wannan ya nuna jari ma yana iya zana irin taswirar da bindiga ke zanawa. Amurka kuwa ta haɗa gabas da yammacinta a 1869, layin ya zama na kasuwar cikin gida.

Layukan da aka gina bayan 'yanci ka zana su da ɗigo-ɗigo don kada su cakuɗe da na da: na Maiduguri 1964, na TAZARA da Sin ta gina daga Dar es Salaam zuwa Zambiya a 1975, na Abuja zuwa Kaduna mai faɗin milimita 1,435 a 2016. Kowannensu ka sake yi masa tambayar farko, daga ina ya taso, a ina ya tsaya, me ke cikin taragon.