Kafin ka sauke yashi a filinka

'Yan uwa masu shirin gini a unguwannin Arkilla, Mabera ko Dambuwa da ke Sakkwato, a fara neman izinin gini kafin a haƙa fandisho. Dokar filaye ta 1978 ta sa filayen cikin birni a hannun gwamna, don haka takardar ciniki da sa hannun mai unguwa ba ta wadatar ba. Ka haɗa takardar mallakar fili da zanen gini ka kai Hukumar Tsara Birane ta Jihar Sakkwato, su duba, su buga hatimi. Kuɗin kuma ka biya da kanka, ka karɓi rasit, kada ka ba ɗan tsakiya.

Maƙwabcina ya kai linta, aka zo aka shafa wa katangarsa jan fenti, ashe ya ci hanyar ruwa. Siminti buhu nawa ke nan!