Yadda nake ƙara wa mota mai turbo tanki na biyu

Nan Damagaram, masu bin hanyar Tanut zuwa Agadas ne suka fi kawo mini wannan aiki, don sun gaji da jibga jarkoki a bayan mota.

Mazaunin tankin nake fara nema: ƙarƙashin mota, nesa da salansa, a ɗaure shi tamau a jikin shasi, da roba a tsakani saboda gargada. Cikin mota inda mutane ke zaune kuwa, ko nawa za a biya ni ban yarda ba.

Gundarin aikin yana ga bawul ɗin sauyawa, wato abin da ke zaɓar tankin da inji zai sha mai daga ciki. Sayi bawul mai baki 6. A motoci da yawa inji ba ya shanye duk man da famfo ya tura masa, ragowar ta wani tiyo take komawa tanki. In bawul ɗinka tiyon tafiya kaɗai yake sauyawa, sai ka riƙa jan mai daga sabon tanki yana zuba cikin tsohon har ya tumbatsa. Bawul mai baki 6 tafiya da dawowa yake sauyawa tare.

Motar da aka ƙara wa ƙarfin turbo, wato na'urar da ke ƙara hura wa inji iska, shan mai gare ta. Kada tiyon sabon tanki ya gaza na asali kauri. In mai ya yi ƙaranci sa'ad da turbo ke hura iska, injin esansi kan yi zafi har fistan ya narke. Sa matatar mai, sa fis a wayar makunnin bawul, ka bar wa tankin mashaƙar iska wadda ƙura ba ta shiga.

Riƙa sauya tanki kana tafiya a hankali, tun man bai ƙare ƙaf ba, musamman a inji mai gazuwal: in ya ja iska, sai an fidda ta kafin mota ta tashi.