Yadda Ake Bin Diddigin Tarihin Rundunar Jiragen Yaƙi

Mai son rubuta tarihin wata rundunar jiragen yaƙi ya fara da littafin aikinta na yau da kullum, labaran jarumtaka su biyo baya. Zan yi misali da Runduna ta 303 ta sojojin saman Birtaniya, wadda 'yan Poland suka kafa a sansanin Northolt a watan Agusta na 1940, don ita na fi sani.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kowace runduna ta Birtaniya tana cike takardu iri biyu: Fom 540, mai taƙaita abin da ya faru a kowace rana, da Fom 541, mai nuna wane ne ya tashi, a wane jirgi, ƙarfe nawa ya tashi, ƙarfe nawa ya sauka. Suna ajiye a ma'adanar takardun ƙasa da ke Kew, a Landan, ƙarƙashin lamba AIR 27, kuma ana samun da yawa ta intanet. Ka jera ranakun tukuna. Nan za ka ga 303 ta fara aiki gadan-gadan ranar 31 ga Agusta da jiragen Hurricane, sannan aka janye ta zuwa Leconfield ranar 11 ga Oktoba don ta huta.

Daga nan sai rahoton artabu, AIR 50, wanda matuƙi ke bayarwa da zarar ya sauka. A nan nake son ka daɗe. An ce 303 ta kakkaɓo jiragen Jamus 126 a cikin makonni shida, fiye da kowace runduna a Yaƙin Birtaniya, wato gumurzun sama da aka yi da Jamus a sararin Birtaniya a 1940. Amma wannan adadi iƙirarin matuƙa ne. Mutum yana tsakiyar harbi, ya ga hayaƙi na fita daga jirgin abokin gaba, sai ya juya don ya tsira da ransa. Wani abokinsa ma ya harbi jirgin nan, shi ma ya rubuta. Jirgi ɗaya ya zama biyu a takarda, alhali ƙila ma ya lallaɓa ya koma sansanin Jamusawa a Faransa. Don haka ka ɗauki kowane iƙirari ka gwada shi da lissafin asarar da Jamusawa suka rubuta a wannan rana, a wannan wuri. Masu binciken da suka yi haka sun rage adadin sosai, duk da haka 303 ta kasance cikin sahun gaba. Ni dai ban ɗauki matuƙan nan maƙaryata ba, gaskiyar abin da idonsu ya gani suka faɗa.

Sai mutanen. Kula da wanda ke shugabanci a kowane mako, don yana sauyawa: kwamanda ɗan Poland, Zdzisław Krasnodębski, ya ji raunin ƙuna ranar 6 ga Satumba, Witold Urbanowicz ya karɓa, kuma akwai kwamanda ɗan Birtaniya, Ronald Kellett, tare da su. Kada ka ɗauka duk 'yan Poland ne: Josef František, wanda aka ce ya kakkaɓo jirage 17, ɗan Czech ne, ya rasu ranar 8 ga Oktoba.

Makanikai ne suka fi wuyar samu, don da ƙyar takardun hukuma ke ambaton su. Ka duba hotuna da kundin da rundunar ta rubuta da kanta, a Cibiyar Sikorski ta Landan, mai adana tarihin 'yan Poland. Harufan RF a jikin jirgi su ne alamar 303 a wancan lokacin, da su za ka tantance hoto kafin ka yarda da rubutun da ke ƙasansa.