Yadda Ake Gano Matsalar Sitata A Babur Mai Tsohon Fasali Kafin A Kwance Inji

Babur mai babbar silinda guda ɗaya, irin su Royal Enfield Bullet ko Classic 350 da 500, ba a tayar da shi kamar ƙananan babura. Fistin ɗinsa babba ne, iskar da yake matsewa tana da ƙarfi, don haka sitata na shan wahala duk lokacin da aka taɓa maɓalli. Abin da na fi gani wajen sababbin shiga shi ne, da babur ya ƙi tashi sai su danne maɓalli su ƙi saki, har sai an ji wani abu ya ce ƙarau a cikin inji. Daga nan gyaran batir ya koma na buɗe murfi.

Fara da kunnenka. Saka giya a firi, ka taɓa maɓalli sau ɗaya ka saurara. In shiru ka ji, duba jan makunnin da ke hannun dama, da fiyus, da ƙananan makunnan da ke jikin jak ɗin gefe da hannun kuloci, in babur ɗinka yana da su. In ka ji "ƙat" sannan shiru, ko "ƙat-ƙat-ƙat" a jere, wuta ce ba ta isa ba. In kuma sitata na ta gudu "wiii" amma inji bai motsa ba, to kulocin sitata ne, wato abin da ke haɗa sitata da inji, ke suɓucewa, kuma nan ne ake asarar kuɗi.

Sai batir. Kar hon da fitila su ruɗe ka, wutar da suke ci ba ta kai ko kusa da wadda sitata ke ja ba. Ɗora mitar auna wuta a kan batir bayan babur ya huta: lafiyayyen batir mai cikakken caji zai nuna kusan bolt 12.6. Bar mitar a kai, ka taɓa maɓalli. In ta faɗo ƙasa da 10, batirin ya gaji ko bai da caji. Kwance kawunansa, ka fara da na baƙar waya, ka goge farin garin da ya taru har ƙarfe ya yi haske. Ka bi baƙar wayar nan har inda aka ɗaure ta a jikin babur, don tsatsar wurin kaɗai tana hana tashi. Mita ba ta da tsada idan ka kwatanta da abin da za ta hana ka saya.

In batir lafiya yake amma har yanzu "ƙat" kake ji, gwada rile, wato makunnin da ke tura wutar batir zuwa sitata idan ka taɓa maɓalli. Tabbatar giya na firi, ka haɗa manyan notinansa biyu da sukudireba mai hannun roba na ɗan lokaci kaɗan. Zai yi tartsatsi, saboda haka kar a yi inda fetur ke ɗiga. In sitata ta juya da ƙarfi, rile ne ko wayar maɓalli. In ba ta juya ba, sai a sauke ta a duba gawayin cikinta, wanda yake cinyewa da daɗewa.

Yanzu ga kulocin sitata, wanda makanikai ke cewa sifirag. Zobe ne mai ƙananan ƙarafa jere a ciki, suna kama wa idan sitata ta tura inji, suna saki da zarar inji ya tashi ya fi ta gudu. Gefe ɗaya kawai aka yi shi ya ɗauki nauyi. Idan batir ya yi rauni, sitata na tura fistin a hankali, sai fulogi ya ba da wuta tun fistin bai ƙetare can sama ba. Fashewar man sai ta buga shi baya, kuma duk ƙarfin nan a kan ƙananan ƙarafan yake sauka. Ko su kife, ko kejin da ke riƙe su ya tsage, wani lokaci har haƙoran giyar sitata su kakkarye. Shi ya sa wanda ya canza sifirag ya bar tsohon batir zai sake canzawa ba da jimawa ba. Haka ma idan tayimin ɗin wuta ya yi gaba da yawa, musamman a tsofaffin da ke da fayin, wato ƙananan ƙarafan da ke buɗewa da rufewa don fulogi ya ba da wuta. A daidaita shi kafin a saka sabo.

Ni dokata ke nan: ba a murɗa totur yayin da sitata ke juyawa, ba a danna maɓalli fiye da daƙiƙa 5, kuma tashin farko na safe da kik ake yin sa. In babur ɗinka na da ɗan hannun sakin iska, wanda ke rage matsin da ke cikin silinda, kamar tsofaffin Bullet, kama shi, ka bar sitata ta ɗauki gudu, sannan ka saki. Da shi ma ya fi kyau a kashe inji, don kada fistin ya koma baya lokacin tsayawa. Masu Classic 350 na 2021 zuwa yau ba su da kik ko kaɗan, su kam kula da batir ya zama dole. Kuma da ka ji ƙarar niƙa ko bugu daga wajen sitata, daina hawa. A injinan da kuloci da giya da inji ke shan baƙin mai ɗaya, gutsattsarin ƙarfen suna bin man su zagaya ko'ina.

Shi kansa kik yana da nasa hali. Taka a hankali har ka ji ya yi tauri, ka ɗan wuce wurin da hannun sakin iska, ka dawo da kik sama, sannan ka taka gaba ɗaya har ƙasa da nauyin jikinka. Rabin taku ne ke sa ya halbo ƙafa. In yana zamewa ba ya juya inji, kar ka yi saurin zargin haƙorin ciki. A irin waɗannan babura kik ta cikin kuloci yake bi, don haka wayar kuloci da aka ɗaure tamau tana sa shi zamewa. Sassauta ta tukuna. In ba ya komawa sama, sifirin ne ya karye. In yana rawa a kan sandarsa, ƙara ɗaure notin kafin haƙoran su cinye, kuma kar ka yarda a yi masa walda.

Idan dai sai an canza sifirag, zubar da mai, buɗe murfin, ka ɗauki hoto da waya kafin ka zare tsohon, domin in aka juya fuskarsa sitata za ta yi ta gudu a banza. Tsince duk wani gutsuren ƙarfe da maganaɗisu, shafa wa sabon mai, gwada shi da hannu ka ga yana kama wa gefe ɗaya yana saki ɗaya gefen. Sabon gasket, sabon mai, cikakken caji a batir, sannan ka taɓa maɓalli.