Yadda ake gano asalin sunan Girkanci da ba a cika ji ba: gwaji da Onisimus

Sunayen Girkanci ba baƙi ba ne a bakin Hausawa. Bitrus, Istifanus, Filibus, Andarawus, Timoti, duk daga can suka taso, sun daɗe da zama 'yan gida. Sai dai akwai ƙannensu da ba a cika ji ba, waɗanda iyaye kan ci karo da su a karatu ko a bakin wani, su ji sunan ya yi musu daɗi. Daga nan sai a buga a waya, shafin farko ya ba da ma'ana mai sanyaya rai, shi ke nan an gama bincike. Shafukan nan kuwa kwafar juna suke yi, idan na farko ya yi kuskure sauran duk su ɗauka. Ga hanyar da za ka bi da kanka cikin yammaci ɗaya. Za mu gwada ta da sunan Onisimus, wanda wasu kan rubuta Unisimas, saboda suna ne da ma'anarsa ta ƙamus take faɗin rabin labari kawai.

Na farko: mai da sunan rubutunsa na asali

Suna yakan sauya kama duk lokacin da ya tsallaka iyaka. Da haruffan Girka ana rubuta namu Ονήσιμος. Lura da abu biyu. Ƙarshensa -os ne. Rumawa ne suka mai da shi -us da Latinanci, Turanci kuma ya gada daga wurinsu. Sai harafin η da ke tsakiya: a tsohon Girkanci doguwar "e" ce, a bakin Girkawan yau ta koma "i". Shi ya sa za ka ga Onesimus a wani wuri, Onisimos a wani, kuma babu wanda ya yi kuskure. Faransawa suna cewa Onésime, Sifaniyawa Onésimo, Rashawa Anisim, har suka fitar da sunan zuriya Anisimov daga gare shi. A Kenya an fi jin Onesmus.

Rubuta duk waɗannan siffofi a takarda ɗaya. Za ka buƙace su a gaba, don wanda ya nemi siffa ɗaya tak zai ɗauka sunan ya mutu alhali yana raye da wata riga.

Kuma kada kamannin sauti ya ruɗe ka. Safiya da Sofiya kamar tagwaye suke a kunne, amma ta farko Balarabiya ce, daga tushen tsarki da zaɓi, ta biyu kuwa kalmar Girkanci ce ta hikima. Babu dangantaka a tsakaninsu.

Na biyu: raba tushe da kari

Yawancin sunayen Girkanci kalmomi ne na yau da kullum, ko biyu a haɗe. Filibus haɗin "masoyi" da "doki" ne. Istifanus kambi ne, irin na ganye da ake ɗora wa wanda ya ci gasa. Saboda haka wurin dubawa shi ne ƙamus na tsohon Girkanci. Wanda malamai suka fi dogara da shi, na Liddell da Scott, ya fara fitowa a 1843, kuma yana nan kyauta a intanet a ɗakin karatu na Perseus da jami'ar Tufts ta Amurka ke kula da shi. Kwafo sunan da haruffan Girka ka liƙa a wurin nema.

Abin da za ka samu shi ne onesis, wato amfani ko riba, daga aikatau oninemi, a amfanar da wani. Karin -imos kuma sifa yake ginawa, kamar yadda mu kan sa "mai" a gaban kalma. Onisimus ke nan: mai amfani. Idan wani shafi ya ce maka ma'anarsa "kyautar Allah" ko "jarumi", tambaye shi a wane ɓangaren kalmar ya ga Allah ko jarumta. Kyautar Allah ai Tiyodoros ne. Yi hattara kuma da ɗan'uwansa Onisiforus, "mai kawo amfani", da aka ambata a wasiƙar Bulus ta biyu zuwa ga Timoti. Tushe ɗaya, suna daban, mutum daban.

Na uku: nemi waɗanda suka amsa sunan

Nan ne aikin yake, nan kuma yawancin mutane suke tsallakewa. Jami'ar Oxford tana da babban kundin sunayen Girkawa na dā, wanda aka tattaro daga rubutun duwatsu, kaburbura, kuɗaɗe da tukwane. Juzu'insa na farko ya fito a 1987, ana kuma iya bincikensa a intanet. Zai nuna maka inda suna ya bayyana da zamaninsa.

Onisimus ya girmi Kiristanci da ɗaruruwan shekaru. A birnin Atina, kusan shekara 500 kafin haihuwar Almasihu, an yi wani mai zane a jikin kofunan yumɓu da wannan suna, ya yi aiki da fitaccen maginin tukwane Yufuroniyos, kuma ayyukansa suna gidajen tarihi na Turai har yau. Amma a zamanin Rumawa sunan ya fi yawa a kan bayi. Ubangida ya sayi mutum, ya sa masa "mai amfani", wato burinsa a kan dukiyarsa ya faɗa. Mu ma mun san irin wannan a tarihin fadojinmu, inda bawa kan amsa Nasamu ko Allah-bar-Sarki, sunan da ke faɗin murnar maigida.

Wanda ya fi shahara da sunan shi ne bawan Filimon, mutumin Kolosi a ƙasar Turkiyya ta yau. Ya bar ubangidansa, ya haɗu da Manzo Bulus a lokacin da Bulus yake tsare, Bulus ya mai da shi gida da 'yar gajeruwar wasiƙa mai aya 25, wadda take cikin Littafi Mai Tsarki. A aya ta 11 ya yi wasa da sunan, ya ce dā ba shi da amfani a gare ka, yanzu kuwa yana da amfani a gare mu duka, sannan ya roƙi a karɓe shi a matsayin ɗan'uwa. Wanda bai san ma'anar sunan ba zai karanta ayar ya wuce bai ji gishirinta ba. A farkon ƙarni na biyu Ignatiyus na Antakiya ya ambaci wani bishop na Afisa mai suna Onisimus. Al'adar coci ta ce shi ne wancan bawan, masana tarihi kuma sun rabu a kai. Idan ka zo irin wannan gaɓa, rubuta "ana cewa" a takardarka, kada ka haɗe mutum biyu don labari ya yi daɗi.

Tsallaka zuwa Boston a 1706. Mabiyan wani coci suka sayi bawa ɗan Afirka suka bai wa limaminsu, Cotton Mather, kyauta, shi kuma ya raɗa masa Onisimus. Wata rana ya tambaye shi ko ya taɓa yin agana. Bawan ya nuna masa tabo a hannunsa, ya bayyana yadda a ƙasarsu ake ɗan tsaga fata a shafa ruwan ƙurjin mai ciwo, mutum ya yi 'yar rashin lafiya ya warke, agana ba ta ƙara kama shi. Da annobar ta afka wa garin a 1721, Mather ya matsa a gwada, likita ɗaya tak, Zabdiel Boylston, ya yarda. Cikin kusan mutum 5,900 da suka kamu, 844 suka mutu. Cikin fiye da 240 da Boylston ya yi wa tsagar, shida ne suka mutu. Sunan da iyayen mutumin nan suka sa masa bai iso gare mu ba, sai wanda maigida ya ba shi.

Akwai kuma wani Onisimus ɗan Habasha, shi kuwa mun san sunansa na yanka: Hika, ɗan ƙabilar Oromo, an haife shi wajen 1856. An sace shi yana yaro, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har aka 'yanta shi a Masawa, 'yan mishan na Suwidin suka rene shi. Onesimos Nesib, kamar yadda duniya ta san shi, shi ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa harshen Oromo tare da taimakon Aster Ganno, aka buga a 1899. Ya rasu a 1931. Ba duk masu sunan ne bayi ba, tabbas. Bafaranshen nan masanin labarin ƙasa, Onésime Reclus, shi ya ƙirƙiro kalmar francophonie, wato jimillar ƙasashe da mutane masu jin Faransanci, wajen 1880, kalmar da mutanen Nijar ke ji a rediyo kullum.

To ka ga abin da ƙamus bai faɗa maka ba. A ganina wannan tarihi ba aibi ba ne ga sunan, ƙara masa nauyi ya yi. Amma gara uba ya san shi kafin ranar suna, da yaro ya girma ya ji shi a bakin abokan makaranta.

Na huɗu: auna yawansa

Wasu ƙasashe suna fitar da ƙididdigar sunayen jarirai kyauta. Hukumar tsaron zamantakewa ta Amurka tana da jeri tun daga 1880. Hukumar ƙididdiga ta Faransa, INSEE, tana da nata tun daga 1900. Ingila da Wales suna fitar da nasu duk shekara. Sai ka san tarkon da ke ciki: shafin farko na Amurka sunaye dubu na sama kawai yake nunawa, ba za ka ga Onisimus a ciki ba. Dole ka sauke cikakken kundin, shi ma ya cire duk sunan da bai kai jarirai biyar ba a shekara, don kare sirrin iyali. Na Ingila yana tsayawa a kan uku. Rashin ganin suna a jeri yana iya nufin yara huɗu ne suka samu a shekarar.

Yanzu ɗauko takardar siffofin nan ka gwada kowace a ƙasarta. Onésime ya yi tashe a tsakanin masu jin Faransanci na Kanada a ƙarni na 19, yau ya zama sunan kakanni. A Girka kanta ba a cika jin Onisimos ba, ko da yake cocin Otodoks na tunawa da shi ranar 15 ga Fabrairu. Dalili shi ne al'adarsu ta mai da sunan kaka ga jika, wadda ta sa Yorgos, Yannis, Dimitiris, Mariya da Eleni suke ta zagayowa suna toshe wa sauran hanya. A Kenya kuwa Onesmus suna ne na yau da kullum. Saboda haka duk wanda ya ce maka suna "ba shi da yawa", tambaye shi a ina, kuma a wace shekara.

A gida hanyar ta ƙafa ce. Nemi izini ka duba rajistar baftisma ta cocinku, ka tambayi malamin firamare ko ya taɓa kiran sunan a aji, ka buga shi a Facebook tare da sunan garinku.

Na biyar: gwada shi a baki, ka tsai da rubutu ɗaya

Faɗa wa kakar yaron sunan sau ɗaya, ka saurari yadda za ta maimaita shi, don haka gida zai kira shi. Suna mai gaɓa huɗu ba ya kwana bai gajarce ba. Ko dai Oni, ko Simus, ka duba ko za ka iya zama da su. Sannan ku zaɓi rubutu ɗaya, Onisimus ko Onesimus ko Unisimas, ku tabbatar shi ne a takardar haihuwa, a katin asibiti da rajistar makaranta. Bambancin harafi ɗaya tsakanin takardar haihuwa da lambar NIN ya isa ya kai mutum kotu yin rantsuwa a lokacin da yake shirin jarrabawar shiga jami'a. Ka rubuta wa magatakarda sunan da manyan haruffa a takarda, ka kuma karanta abin da ya rubuta kafin ka bar ofishin.