Yadda Ake Bin Diddigin Rayuwa da Zuriyar Mace Mai Zane a Ingila ta Ƙarni na 19

Duk wanda ya ɗauki aniyar gano tarihin wata mace mai zane da ta rayu a Ingila a zamanin Sarauniya Victoria zai fara cin karo da matsalar suna, domin a al'adar Turawan Ingila mace takan ajiye sunan gidansu ranar da aka ɗaura mata aure, ta ɗauki na mijinta, har ma a wasu takardun a kira ta da sunan mijin gaba ɗaya, ba tare da an ambaci sunanta na yanka ba. Saboda haka mutum ɗaya yakan rabu gida biyu a cikin kundaye, kuma aikin mai bincike shi ne ya haɗa su. Za a yi bayanin hanyar da misalin Helen Allingham, wadda ta yi suna wajen zana gidajen ƙauyukan kudancin Ingila da launin ruwa, domin kusan kowane tarko da ke cikin wannan aiki akwai shi a tarihinta.

Abu na farko shi ne a rubuta duk sunayen da aka san matar da su, kowanne da shekarun da ta yi amfani da shi. An haifi wannan baiwar Allah ranar 26 ga Satumba 1848 da sunan Helen Mary Elizabeth Paterson, kuma da wannan suna ta yi karatu, da shi ta yi wa mujallar The Graphic zane, da shi ta zana hotunan da suka raka wani labarin Thomas Hardy a mujallar Cornhill a 1874. A watan Agusta na wannan shekara ta auri mawaƙi William Allingham, daga nan sai sa hannunta ya koma H. Allingham. Wanda ya nemi Allingham kaɗai zai rasa shekarun ƙuruciyarta duka. Ya kamata kuma a gwada rubutun sunan ta fuska fiye da ɗaya, saboda magatakarda sukan rubuta Patterson da harafi biyu a inda iyalin suke rubuta Paterson da harafi ɗaya, kuma injin bincike ba ya yafe irin wannan kuskure sai an umarce shi.

Daga nan sai a nufi rajistar gwamnati. An fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa a Ingila da Wales ranar 1 ga Yuli 1837, kuma an tsara fihirisarta ne wata uku-uku, wato zangon Maris, Yuni, Satumba da Disamba. Ana iya duba wannan fihirisa kyauta a shafin FreeBMD, amma ita takardar shaidar sai an biya kuɗi a babban ofishin rajista kafin a samu. Abubuwa biyu ne suke ruɗa sabon shiga a nan. Fihirisar tana nuna lokacin da aka yi rajista ne, ba ranar haihuwa ba, kuma da yake an ba iyaye mako shida, yarinyar da aka haifa a ƙarshen Satumba kamar Helen tana iya faɗawa cikin zangon Disamba. Sannan sunan da ke cikin fihirisar na gundumar rajista ne, ba na garin ba: an haifi Helen a Swadlincote da ke Derbyshire, amma garin yana ƙarƙashin gundumar Burton upon Trent ne, wadda hedikwatarta take cikin Staffordshire. Idan an nema an rasa, kada a yi saurin cewa shekarar haihuwar ce ba daidai ba, domin sai da dokar 1874 ta zo sannan aka ɗora wa iyaye nauyin yin rajista a kan tilas, kuma kafin nan wasu yara sun kuɓuce.

A ganina takardar aure ta fi ta haihuwa daraja a irin wannan bincike, domin a cikinta sunayen biyu suke haɗuwa a takarda ɗaya, ga sunan uban amarya da sana'arsa, ga na uban ango, ga shaidu waɗanda galibi 'yan'uwa ne na jini. Abin takaici shi ne babu gurbin sunan uwa a takardun aure na wancan zamani, kuma gurbin sana'ar amarya sau da yawa a wofi ake barin sa, ko da kuwa da zanen take ci da kanta.

Ƙidayar jama'a ita ce take nuna gidan a yadda yake. Ana yin ta kowace shekara goma, kuma daga 1841 ne aka fara rubuta sunayen mutane ɗaya-ɗaya, sai dai ta 1851 ce ta fara bayyana dangantakar kowa da maigida, da ainihin shekarunsa, da garin haihuwarsa. Kowace ƙidaya hoton dare ɗaya ce kawai, misali daren 7 ga Afrilu 1861 ko na 3 ga Afrilu 1881, saboda haka wanda ya je baƙunci a wannan dare a gidan da ya kwana za a same shi. Amfanin ƙidayar yana fitowa ne idan an jera su an duba wanda ya ɓace tsakanin ɗaya da ɗaya. Mahaifin Helen, Alexander Henry Paterson, likita ne da ya koma da iyalinsa Altrincham a Cheshire tun tana jaririya, kuma a 1862 annobar mashaƙo ta kashe shi tare da ƙanwarta Isabel mai shekara uku. Helen, wadda ita ce babba cikin 'ya'ya bakwai, tana da shekara goma sha uku a lokacin. Sai uwar ta kwashi yaran zuwa Birmingham wurin dangin mijinta. Wanda bai san da wannan rasuwa ba zai ci gaba da laluben iyalin a Cheshire alhali sun daɗe da tashi.

Inda ya kamata a fi tsayawa shi ne ɓangaren uwa, kuma a nan ne masu bincike da yawa suke yin sakaci, domin sunan uba shi ne yake gaban ido. Sana'ar zane a tsakanin matan wancan zamani sau da yawa gado ce da take bi ta hannun mata, ko ta ɗakin aikin uba ko na yaya, saboda ƙofofin makarantu a rufe suke gare su. Mahaifiyar Helen 'yar gidan Herford ce. Kakarta ta wajen uwa, Sarah Smith Herford, mai zane ce, sannan 'yar'uwar mahaifiyarta, Laura Herford, ita ce mace ta farko da ta shiga makarantar Royal Academy, babbar cibiyar masu zane ta Landan, a 1860, bayan ta aika da zanenta da sa hannun L. Herford kawai, masu tantancewa suka karɓa suna zaton namiji ne, aka duba dokokin makarantar aka ga babu inda aka rubuta haramcin ɗaukar mata. Shekaru kaɗan bayan haka Helen ta bi ta ƙofar da innarta ta buɗe, bayan ta fara karatu a makarantar zane ta Birmingham. Ƙanwarta Caroline Paterson ma ta zama mai zana hotunan littattafai. Da za a bi sunan Paterson kaɗai, da ba za a taɓa gane inda abin ya samo asali ba. Labarin Laura yana kuma koya wa mai bincike kada ya yanke hukunci cewa harafi ɗaya a gaban suna a cikin kundin baje koli namiji yake nufi.

A lura da addinin iyalin tun da wuri. Mutanen gidan Herford mabiya ɗariƙar Unitarian ne, ba Cocin Ingila ba, saboda haka neman baftismarsu a littattafan cocin unguwa ɓata lokaci ne. Tsofaffin littattafan irin waɗannan majami'u da yawa suna ajiye a ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kew, a Landan.

Bayan an gama da takardun gwamnati sai a koma kan na sana'ar. Kundayen baje kolin shekara-shekara na Royal Academy suna ɗauke da adireshin kowane mai zane, kuma Algernon Graves ya tattara sunayen duk waɗanda suka baje aikinsu a can daga 1769 zuwa 1904. Waɗannan adiresoshi su ne suke cike giɓin shekara goma da ke tsakanin ƙidaya da ƙidaya. Sai dai kada a tsaya a Royal Academy, domin bayan Angelica Kauffman da Mary Moser da aka kafa ta da su a 1768, ba ta sake ba mace cikakkiyar kujera ba sai Laura Knight a 1936. Mata da yawa sun fi samun wuri a ƙungiyar mata masu zane da ta fara baje koli a Landan a 1857, ko a ƙungiyoyin masu launin ruwa. Helen ta shiga tsohuwar ƙungiyar masu launin ruwa a ƙaramin matsayi a 1875, kuma a 1890 ta zama mace ta farko da aka ba cikakken matsayi a cikinta.

Da zarar an samu ranakun iyali da ranakun aiki, sai a jera su gefe da gefe a takarda ɗaya, a nan ne labarin yake fara magana. Helen ta bar aikin mujalla bayan aurenta, ta haifi Gerald Carlyle a 1875, Eva Margaret a 1877, Henry William a 1882. Sunan ɗan farin ma shaida ne, domin a unguwar Chelsea ta Landan su maƙwabtan marubuci Thomas Carlyle ne, wanda aminin mijinta ne. A shekarar da Carlyle ya mutu, 1881, suka tashi zuwa Sandhills kusa da Witley a Surrey, kuma a can ne ta duƙufa kan zanen tsofaffin gidajen ƙauye. Sun koma unguwar Hampstead ta Landan a 1888, William ya mutu a Nuwamba 1889, ya bar ta tana da shekara arba'in da ɗaya da yara uku da ƙaramin abin hannu. Yawan zanen gidajen da ta yi bayan haka, wanda wasu masu suka suke gani kamar maimaici ne, aikin uwa ne mai ciyar da marayu da abin da kasuwa take saye. Kuma kada a ɗauki zanen nata a matsayin shaidar yadda ginin yake a ranar, domin an san takan mayar wa gida tsofaffin tagoginsa a kan takarda bayan mai gidan ya riga ya sauya su da na zamani.

Dangin miji kuwa suna iya jan mutum zuwa wata ƙasa mai nata tsarin. An haifi William a Ballyshannon da ke Ireland a 1824, ya girmi matarsa da shekara ashirin da huɗu, ya kuma daɗe yana aikin kwastan kafin ya koma aikin jarida. A Ireland ba a fara rajistar haihuwa ba sai 1864, kuma gobarar 1922 a ma'adanar takardun gwamnati ta Dublin ta cinye mafi yawan tsofaffin ƙidayoyin ƙasar, saboda haka a can wasiƙu da littafin tunawa na mutum sun fi amfani. Littafin tunawar William, wanda yake rubuta abubuwan da suka faru da shi yau da kullum a ciki, Helen ce da kanta ta shirya shi tare da Dollie Radford aka buga a 1907, abin da ya kamata a riƙe a zuci yayin karanta shi, tunda gwauruwar ce ta zaɓi abin da zai fita.

Wasiyya ce mataki na ƙarshe. Tun daga Janairu 1858 ake da fihirisa ɗaya ta wasiyyoyin Ingila da Wales, mai nuna ranar mutuwa, adireshi, masu zartar da wasiyya da ƙimar dukiyar. Amma kafin dokokin dukiyar matan aure na 1870 da 1882, abin da matar aure ta samu da guminta mallakar mijinta ne a idon shari'a, don haka rashin ganin wasiyyar mace mai zane da ta mutu da aure kafin waɗannan shekaru ba ya nufin ba ta tara komai ba, sai a nemi ta mijin a duba ko an ambaci zane-zane a ciki. Helen ta mutu ne ranar 28 ga Satumba 1926 a Haslemere da ke Surrey yayin wata ziyara, alhali gidanta yana Hampstead, saboda haka rajistar mutuwarta a Surrey za a neme ta, ba a Landan ba.